Kwana Bakwai na Mama Rifkatu

Mu biyu ne kawai a gidan, ni da Kaka, wadda ta haifi mahaifiyata. Mahaifiyar tawa ta rasu ban kai shekara uku ba. Mahaifina kuma bakanike ne a Apo, har wani ubangidansa ya ja shi Fatakwal, ya zama sai da Babbar Sallah muke ganinsa, wata shekarar ma ba ma gani. Ɗakinmu na bulon ƙasa ne, a wata 'yar unguwa bayan garejin kanikawa, inda ruwan sama ke gangaro da baƙin mai har bakin ƙofa. Da rana ba abin da kake ji sai bugun ƙarfe da gurnanin injin da ake gwadawa. Da an kira magariba kuwa sai wurin ya yi tsit, masu aiki duk sun hau bas sun watse.

A lokacin ne Kaka ke hura wuta a murhunta na duwatsu uku. Yaran unguwa kan tafi gidan wani mai janareto kallon fim. Ni ba na zuwa, don idan na tafi babu wanda zai zauna da ita, kuma na taɓa dawowa na tarar da ita tana magana da wuta. Daga ranar ban ƙara ba. In mun ci tuwo ta wanke hannu, sai ta gyara itace, ta dube ni ta ce, "Lami, ciki ya ci, saura kunne." Ni kuma in ce, "A zuba masa, Kaka."

Kaka Bagwariya ce, Asabe sunanta. A kafaɗa take ɗaukar kaya har ta tsufa, ba ta taɓa ɗora ko ƙwarya a ka ba. A danginmu akwai mai zuwa masallaci, akwai mai zuwa coci, akwai wanda ya mutu bai shiga ko ɗaya ba. Ita tana sallarta, ba ta gardama da kowa. Hausarta ta kasuwa ce, mace da namiji duk "shi" ne a bakinta, sai ka bi labari a hankali kafin ka gane wa ya yi me. Ta san tatsuniyoyin gizo da na kura, tana kuma yi mini su. Amma waɗanda na fi roƙo su ne labaran Mama Rifkatu.

Kafin ƙafarta ta fara ciwo, Kaka ta yi shekara shida tana aikin kuku a Maitama, a gidan wani tsohon injiniyan gada da matarsa. Yahudawa ne. Shi ana ce masa Oga Dauda. Ita kuwa sunanta ya yi wa Kaka wuyar faɗa, sai ta mayar da shi Rifkatu, matar ta ji ta yi dariya ta ce ai shi ne ma, bakinsu ne kawai ya bambanta. 'Ya'yansu sun girma suna can ƙasashen waje. Su biyu ne a gida mai ɗakuna da yawa, sai maigadi a get, sai Kaka a kicin.

"Ranar da na fara aiki," in ji Kaka, "na ɗauka gidan mata biyu ne. Tukwane kashi biyu, cokula kashi biyu, har soson wanke-wanke biyu. Na ce, ina ɗayar uwargidan? Ashe nama ne da madara ba sa haɗuwa. Tukunyar nama ba ta ganin madara, ta madara ba ta ganin nama. In sun ci nama, sai sun jira awoyi kafin su sha shayi da madara."

Ta ce alade ba ya shiga gidan, kamar gidan Musulmi. Nama sai wanda aka yanka a hanyarsu, daga nesa ake kawo musu a ƙanƙare, don haka sun fi cin kifi da ganye. Shi ma kifin sai mai ɓawo a jiki. Wata rana Kaka ta samu tarwaɗa mai rai a kasuwa, ta sayo da murnarta. Mama Rifkatu ta leƙa bokitin, ta shafa bayan kifin da yatsa ɗaya, ta ce, "Asabe, wannan ba shi da riga." Maigadi ne ya ci daɗi ranar. Ƙwai ma sai an fasa shi a kofi an duba, in da ɗigon jini a zubar. Wuta kuma, uwargidan ce ke kunna risho da hannunta, sannan Kaka ta ɗora tukunya. Kaka ba ta tambayi dalili ba. "Gidan mutum ne," ta ce. "Ni ma ba kowa ke taɓa mini murhu ba."

Na fi son labarin Juma'a. Tun da safe gidan ke kacaniya, a share, a goge, a dafa abincin kwana biyu. Mama Rifkatu da kanta take kwaɓa burodi, ta yi masa kitso kamar kan yarinya, guda biyu, ta rufe su da farin ƙyalle. Kafin rana ta faɗi sai ta yafa gyale, ta kunna kyandir biyu, ta jawo hasken da hannuwanta sau uku kamar mai kiran yaro, ta rufe idanunta tana addu'a. Oga Dauda ya zo da 'yar hularsa da ba ta fi tafin hannu ba, a tsakiyar ka, ya ɗaga kofin ruwan inabi ya yi waƙa. Daga nan aiki ya ƙare. Ba mota, ba waya, ba biro, ba kunna wuta ba kashewa, har sai taurari uku sun fito daren Asabar.

"Har fitila?" na tambaya.

"Har fitila. Kuma ba za su ce miki ki kunna ba. Sai dai ki ji shi ya ce, Asabe, ɗakin nan da zafi yau. Ni kuma in ce, wallahi Madam da zafi, in wuce abina. Wata uku na yi kafin na gane fanka ake nufi."

Da Mama Rifkatu ta ji ma'anar sunan Kaka, cewa ranar Asabar aka haife ta, sai ta riƙe mata hannu ta ce, "To ke 'yar hutu ce, aka sa ki wahala."

Haka bukukuwansu suka riƙa zuwa mini ɗaya bayan ɗaya, kowanne da darensa a bakin murhu. Akwai sabuwar shekararsu, da suke tsoma tuffa a zuma don shekara ta yi zaƙi. Bayanta da 'yan kwanaki akwai azumi guda, tun faɗuwar rana har wata faɗuwar, ko ruwa babu, suna sanye da fararen kaya, Oga Dauda a lulluɓe da mayafi mai tuntaye a kusurwa huɗu yana karatu yana rangaji. Akwai wanda suke kafa rumfa a bayan gida, da rufin ganye da ake hango sama ta cikinsa, su ci abinci a ciki mako guda. Kaka ce ta saro musu ganyen kwakwa, ta ce a ranta, masu wannan ƙaton gida sun rasa wurin cin abinci sai bukkar gona. Akwai na fitilu, kwana takwas, kowane dare a ƙara kyandir ɗaya, a ci abin da aka soya da mai. A nan Kaka ta shigar da ƙosai gidan, kuma bai sake fita ba.

Idin Ƙetarewa ne take ba da labarinsa a hankali. Kafin ya zo sai an zazzage gidan kaf, ko ɓurɓushin burodi kada ya saura. Mako guda ba sa cin abin da ya kumbura, sai wata busasshiyar gurasa mai ƙaras-ƙaras. A daren farko a jera faranti da gasasshen ƙwai, da ƙashi, da ruwan gishiri, da ganye mai ɗaci. Wata shekara Kaka ta kai musu shuwaka. Mama Rifkatu ta tauna, ta runtse ido, ta ce wannan ya fi nasu kama da bauta. Ƙa'ida, ƙaramin yaro ne ke tambaya me ya sa daren nan ya bambanta da sauran darare, babba ya ba shi amsa da labarin Annabi Musa da Fir'auna. To babu yaro a gidan. Sai tsohuwa ta tambayi tsoho, tsoho ya amsa mata, su biyu a teburin mutum goma sha biyu.

"Na tsaya a ƙofar kicin ina ji," in ji Kaka. "Washegari na ce, Madam, me ya hana gurasar tashi? Ya ce sauri. An ce su fita, suka fita, ƙullu bai samu lokaci ba. Na ce ai na san wannan. Ranar da motocin gwamnati suka zo tashin garinmu don gina Abuja, doyata tana ƙasa ba ta nuna ba. Na bar ta. Na bar kabarin mijina. Yanzu kwalta ce a kai, ko wurin ba zan iya nuna miki ba. Madam ya miƙa hannu. Ya ɓallo gurasar ya ba ni rabi. Ba daɗi, Lami, kamar kwali. Na cinye."

Duk waɗannan ta maimaita mini su ba iyaka. Akwai ɗaya da sau ɗaya tak ta faɗa. Ina da shekara goma sha ɗaya, cikin damina, ruwa ya kore mu daga tsakar gida, muka kwashe garwashi a kasko muka shiga ɗaki. Kwanon rufi yana ƙara, sai da na matsa jikinta sannan nake jin muryarta. Ba ta yi maganar ciki da kunne ba ranar. Ta fara kawai.

Ta ce wata Talata da safe aka bugo waya. Oga Dauda yana can wani daji wurin aikin gada, inda saƙo ke kwana uku kafin ya isa. Mama Rifkatu ta ɗauka, ta saurara, ta ajiye. Ƙanwarta ce ta rasu. Su biyu kaɗai suka rage a gidansu, sauran dangi an kashe su a ƙasar Turawa tun suna yara. Su ma ba sa ajiye gawa, kamar mu, don haka babu jirgin da zai kai ta kafin a rufe. Ta miƙe tsaye, ta kama wuyan rigarta, ta yage shi. Kaka ta ɗauka taɓuwa ce ta same ta.

Daga nan ta bi gidan tana rufe madubai da zannuwa. Ta cire takalmin fata. Ta kunna wani dogon kyandir a cikin gilashi. Ta janye matashin kujera ta ajiye a ƙasa ta zauna. Sannan ta aika a ce wa maigadi ya bar get a buɗe, ta sa Kaka ta buɗe ƙofar falo ta tokare ta da dutse. Ta ce kwana bakwai za ta yi a haka, kuma a wurinsu ba a ƙwanƙwasa ƙofar mai makoki, shigowa kawai ake yi.

"Wa zai shigo?" in ji Kaka, tana juya garwashi da tsinke. "'Yan'uwansu kaɗan ne a garin, kuma duk sun tafi hutu. Maƙwabcin dama, ban taɓa ganin fuskarsa ba, sai motarsa. Na hagu, karnuka. Yini guda ƙofa a buɗe, ƙuda kaɗai ke shiga."

Kaka ta haɗa mata abin da ba ya buƙatar wuta, burodi da kifin gwangwani, ta kai. Ba ta taɓa ba. Da yamma ta sake kaiwa, haka ta ɗauke. Washegari ma haka, sai ruwa. Tsohuwa ce mai shan maganin sukari. Kaka ta durƙusa ta ce, "Madam, so kike Oga ya dawo ya tarar da gawa?"

Mama Rifkatu ta ce, "Abincin farko ba na gidan mutum ba ne, Asabe. Maƙwabta ke kawowa. Dafaffen ƙwai, ko wani abu mai zagaye. Haka muka yi wa kowa, haka na ga ana yi." Ta dubi ƙofar. "Na san doka ba ta ce in kashe kaina ba. Zan ci. Ina dai jira ne kaɗan."

Kaka ta ce ta koma kicin ta tsaya. Ta daɗe a tsaye. Sannan ta cire rigar aikin ta rataye, ta fita ta ƙofar baya ba ta gaya wa kowa ba. Ta hau bas zuwa Apo. Tana da kaza guda da ta tara ƙwai shida, ana jiran ta kwanta a kansu. Ta kwashe duka. Ta tsaya a kasuwa ta sayi 'yar sabuwar tukunya da ba a taɓa ɗorawa a wuta ba, don ta san tata ta gida ba za ta shiga wancan kicin ba. Ta ɗaura zanenta na zuwa suna, ta koma Maitama da la'asar. Maigadi ya ga ta nufi ƙofar gaba, ya ce, "Mama Asabe, kin manta hanya ne?" Ba ta kula shi ba. A shekara biyar ba ta taɓa shiga ta nan ba sai da tsintsiya a hannu.

"Na tsaya a kansa. Na ce, yau ba kuku ba ne ya zo. Maƙwabciya ce, daga Apo. Ga ƙwai, na kazata ne, ba na firij ɗinki ba. Ga tukunya sabuwa. Tashi ki kunna mini wuta."

Mama Rifkatu ta dubi zanen, ta dubi ƙwan. Ta miƙa hannu, Kaka ta ɗaga ta. Suka tafi kicin a hankali, ta ƙyasta ashana, ta dawo ta zauna. Da ƙwan ya dahu Kaka ta ɓare mata. Ta ci ɗaya, ta ci na biyu, a na ukun kuka ya zo, irin wanda ba ta yi ba tun da aka bugo wayar.

Kaka ba ta koma gida ba. Ta aika wa maƙwabciyarmu ta riƙe ni, ta shimfiɗa zane a ƙasa kusa da matashin. Suka zauna. Awa ɗaya, awa biyu, ba mai magana. Daga baya Mama Rifkatu ta ce mata, "Wa ya koya miki? A wurinmu baƙo ba ya fara magana, sai mai makoki ya fara." Kaka ta ce, "Ba wanda ya koya mini, Madam. Turanci ne ya ƙare mini." Ta ce ranar ce ta fara ganin haƙoran matar tun Talata.

Sai labarin ƙanwar ya fara fitowa, rabi da Turanci, rabi da Hausar da ta tsinta a kicin, wani wurin da harshen da Kaka ba ta sani ba. Yadda suka kwana a rumbun wani manomi suna yara. Yadda ƙanwar ke tsoron agwagwa. Yadda suka yi shekara biyu ba sa magana a kan wani abin da yanzu ta kasa tunawa. Kaka tana cewa "Allah sarki" a inda ya dace da inda bai dace ba.

Da Juma'a ta zo, kafin faɗuwar rana, Mama Rifkatu ta tashi ta canza yagaggiyar rigar, ta kunna kyandir biyunta, ta zauna a kujera. Ta ce ranar hutu ba a nuna makoki. Taurari na fitowa daren Asabar ta mayar da rigar ta koma ƙasa. Oga Dauda ya iso a tsakanin nan, jikinsa duk laka, ya ga matan biyu, ya gaishe da Kaka da hannu a ƙirji.

A nan na ɗauka Kaka ta gama. Ruwan ya ragu. Sannan ta ce, "Ranar Lahadi Madam ya tambaye ni Hajara."

Hajara mahaifiyata ce. Kaka ba ta kiran sunanta, ban taɓa ji a bakinta ba sai ranar.

"Wata biyar ke nan da rasuwarta. Ya ce, Asabe, da 'yarki ta rasu, kwana nawa kika zauna? Na ce uku, Madam, na huɗu na zo aiki. Ya ce wa ya ce ki dawo? Na ce ba wanda ya ce, kuma ba wanda ya ce kada in dawo. Ya rufe fuska. Ya ce, na ba ki kuɗin mota, na ce sannu, na tambaye ki ko akwai albasa. Na ce haka ne. Ya sauka daga matashin, ya tura mini. Ya ce, hau. Gaya mini ita."

"Kin gaya mata?"

"Na gaya masa. Yadda take dariya tana rufe baki. Yadda ta goya ki tana zazzaɓi, ta ƙi a karɓe ki. Ban san akwai ruwa a idona ba, Lami, na ɗauka ya ƙafe tun tashin garinmu. Har magariba ina yi."

Ni ma na yi a daren, a cinyarta. Abin da na sani game da mahaifiyata, yawancinsa a wannan zaman na ji shi.

A safiyar kwana na bakwai, Oga Dauda ya ce wa matarsa ta tashi. Al'adarsu ce mai makoki ya fita ya zaga unguwa, ya koma cikin mutane. Mama Rifkatu ta ce ba za ta zaga ita kaɗai ba. Suka fita ta get, ita da Kaka, hannu cikin hannu, suna bin gefen dogayen katangu, masu gadi suna leƙowa. "Ba wanda ya san daga ina muka fito," in ji Kaka. "To, na sauke tukunya." Da haka take rufe kowane labari.

Bayan shekara guda aikin gada ya ƙare, suka koma ƙasarsu. Kaka ba ta iya karatu ba, gidanmu ba shi da lamba, babu wasiƙar da za ta same mu. Ba ta sake jin ɗuriyar Mama Rifkatu ba. Wani lokaci ranar Juma'a, in rana ta yi ja, takan ce, "Yanzu yana can yana rufe ido, in yana da rai."

Na girma, na yi karatu, na samu aikin sakatariya a wata ma'aikata. Na kama ɗaki a Lugbe, a gidan haya mai ƙofa takwas, inda nake fita kafin gari ya waye saboda cunkoson hanyar filin jirgi, in dawo bayan isha. Na yi na yi Kaka ta dawo wurina, ta ce ba za a tashe ta sau biyu ba. A ofis in aka ambaci Yahudawa, maganar labaran duniya ce, murya tana tashi. Ba na sa baki. Ban taɓa haɗuwa da ko ɗaya ba. Tsohuwa guda na sani, ita ma a bakin wata tsohuwar.

Kaka ta rasu bara, ina Legas wurin wani kwas. Da safe ta cika, kafin la'asar an kai ta. Da na iso an yi sadakar uku, 'yan dangin da suka zo sun koma Kubwa da Karshi. Mahaifina ya yi mini gaisuwa ta waya. Na kwashe 'yan kayanta a jaka biyu, na koma Lugbe, na kulle ƙofa, na sauke labule. Na gaya wa ofis ba ni da lafiya. Kwana uku ina kwance ina jin maƙwabta suna ɗiban ruwa, suna faɗa da yara, ina jin haushinsu don ba wanda ya zo.

Duk tsawon shekarun nan na ɗauka na fahimci labarin. Ka je wurin wanda ke zaune shi kaɗai, ko addininku ba ɗaya ba, ko harshe ya ƙare maka. Kullum a wurin Kaka nake sa kaina. A rana ta huɗu ne na tuna ɗayar matar. Ta san ba ta da kowa a garin, ta san da wuya a shigo, amma ta sa aka tokare ƙofa da dutse, ta zauna inda duk mai wucewa zai ga halin da take ciki. Ni shekara huɗu ina gidan nan, ban gaya wa kowa ina da kaka ba, balle in ce ta mutu.

Na tashi na buɗe. Na sa bokiti na tare ƙofar, na zauna a ƙasa a kan tabarma. Kunya ta kama ni sosai, sau biyu ina miƙewa in rufe. Mutum uku suka wuce, suka kalle ni, suka kau da kai. Wajen azahar sai ga Mama Tope, Bayarabiya mai sayar da kayan miya, wadda tsakanina da ita bai wuce "ina kwana" ba.

"Anti, lafiya? Ƙofa a buɗe, sauro zai cika maka ɗaki."

Na ce, "Kakata ce ta rasu."

Ta ajiye tiren da ke kanta. "Yaushe? Kai! Kana nan ciki tun ranar? Kai kaɗai? Ka ci abinci?"

Ba ta yi shiru ko na minti ɗaya ba. Ta yi mini faɗa, ta yi wa Abuja faɗa, ta kawo shinkafa da miyar da barkononta ya sa ni tari, ta tsaya a kaina sai da na cinye. Sannan ta zauna a ƙasa, ta miƙe ƙafafu, ta aika 'yarta ta tsare mata tebur a bakin titi.

"Yau ba kasuwa," ta ce. "To, wane irin mutum ne kakan naka?"

Na buɗe baki ban san ta inda zan fara ba. Ta ce ba ta sauri.